Ɗan Kuka da Mai Jifa: Matsa wa Iyalan 'Yan Adawa a Karkarar Kano, 1950 zuwa 1966

Gabatarwa

Hausawa kan ce ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa. Karin magana ne da iyaye suka daɗe suna ja wa 'ya'yansu kunne da shi, kuma da wuya a sami wanda ya fi shi dacewa da halin da gidajen 'yan adawa suka shiga a ƙauyukan ƙasar Kano a zamanin siyasar farko, watau daga kafa jam'iyyar NEPU a 1950 zuwa juyin mulkin soja na watan Janairu 1966. Sai dai karin maganar ya ambaci ɗan kuka da uwarsa, ya yi shiru game da wanda ya ɗauki dutsen. Wannan lacca a kan mai jifan take: wane ne shi, wane iko doka ta ba shi, kuma me ya sa ya ga dukan bishiyar ya fi masa sauƙi da riba fiye da bin ɗan da ya yi masa nisa.

Tarihin gwagwarmayar neman 'yanci ya fi kula da shugabanni da waɗanda aka ɗaure. Bai cika kula da waɗanda suka bar garuruwansu don gudun ɗauri ba, balle iyaye da mata da ƙanne da suka bari a baya. Alhali kuwa a kan waɗannan ne mafi yawan nauyin ya sauka, musamman a karkarar da ke arewa da birnin Kano.

Ƙasar da mutanenta

Wanda ya fita daga birnin Kano ya nufi arewa, ta Ungogo da Minjibir, ko ta Dawakin Tofa da Bichi, ko ya bi hanyar Dambatta zuwa Kazaure da Daura, zai yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Gona ce ke manne da gona, gamba ko aguwa ke raba iyaka, kuka da ɗorawa da gawo da tsamiya na tsaye a tsakiyar shuka, kowace da mai ita. Binciken da Michael Mortimore da abokin aikinsa suka buga a 1965 ya nuna cewa wannan yanki yana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkoso a karkarar Afirka, kuma mafi yawan ƙasarsa ana nomawa kowace damina ba tare da an bar ta saura ba. Abin da ke riƙe da ƙarfin ƙasar shi ne taki, wanda ake tarawa a gida ko a ɗauko daga birni a mangala bisa jakuna, shekara da shekaru. Saboda haka gonar da aka gada guminta na kaka da uba ne, kuma wanda ya rasa ta ba shi da sabon dajin da zai sara.

Tsarin noman ma na gida ne. A ƙarƙashin gandu, maigida da 'ya'yansa ko ƙannensa suna aiki tare a babbar gona, shi kuma ya ciyar da su, ya yi musu aure, ya biya musu haraji, kowannensu kuma yana da 'yar gayaunarsa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya buɗe daga 1912, kuɗin haraji da na sutura da na aure duk suka rataya a kan gyaɗar da wannan gandu ya noma.

Daga nan za a fahimci abu biyu. Na farko, fita ba wuya: matasa sun saba da cin rani, kuma hanyoyin fatauci zuwa Ikko da Badun da Gwanja tsofaffi ne. Na biyu, gona da rumbu da tsohon uba ba sa tafiya. Manomin wannan yanki ya san jingina, watau ba da gona a hannun wani har sai an biya bashi. Ɗan adawar da ya tsere ya bar gidansu ne jingina a hannun hukumar da ya guda.

Tushen abin a tarihi

Kama na kusa don a hukunta na nesa ya girmi siyasar jam'iyyu. Lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya sa a riƙa tare masu bin sa a hanya ana ƙwace dukiyarsu, kuma wannan na cikin abubuwan da suka kai ga yaƙi. A Kano kanta, a lokacin basasar 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, ɓangaren da ya fita daga birni ya bar gidaje da dukiya a hannun abokan gabarsa, da sa'a ta juya kuma aka rama wa kura aniyarta. Turawan Ingila, da suka ci Kano a watan Fabrairu 1903, sun kai Sarki Alu Lakwaja inda ya rasu a 1926, kuma suna da dokar cin tarar gari baki ɗaya a kan laifin mutum kaɗan. Abin da suka yi wa Satiru a 1906 ya zama gargaɗi ga kowa.

Amma babban abin da mulkin mallaka ya bari shi ne tsari. Tun wajen 1908 aka fitar da hakimai daga birni aka zaunar da kowanne a gundumarsa: Sarkin Bai a Dambatta, Madaki a Dawakin Tofa, da sauransu. Muhammadu Sanusi, wanda ya yi sarautar Kano daga 1953 zuwa 1963, ya taɓa riƙe Bichi yana Ciroma. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa dukkan filayen Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, wanda a aikace ke nufin a hannun sarki da hakimi da dagaci. A gundumomin da ke kusa da birni har auna gonaki aka yi da taku aka rubuta, don a yanka musu haraji. Kafin a soma maganar zaɓe, hukuma ta riga ta san gonar kowa da yawan mazan da ke gidansa.

Sarƙar ikon En'e

Hukumar En'e sarƙa ce da ta taso daga sarki da majalisarsa, ta bi ta kan hakimi da dagaci, ta ƙare a kan mai unguwa, wanda ya san kowane zaure da baƙon da ya kwana a cikinsa. A hannun wannan hukuma ɗaya aka tara abubuwan da a yau ke rarrabe. 'Yan doka nata ne, gidan yari nata ne, ita ke naɗa alkalai ta biya su albashi, kuma doka ba ta yarda lauya ya tsaya a gaban alkali ba. Ita ke ba da izinin yin lacca ko ta hana. Ita ke da duba-gari da malaman daji da malaman haraji. Dokar En'e ta 1954 ta tabbatar mata da ikon kafa dokokin tsare zaman lafiya, dokar yara da matasa ta 1958 kuma ta hana ƙananan yara shiga harkar siyasa.

Haraji shi ne igiyar da ta fi shiga wuyan talaka. Ana yanka wa gari jimla, sannan dagaci da masu unguwanni su raba ta bisa kawunan mazaje gwargwadon yadda suka ga ƙarfin kowa. Jangali kuma bisa kan shanu ake ƙirga shi. Wanda ke raba haraji shi ne dai wanda ke shaidar iyakar gona, shi ne kuma wakilin Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, a zahiri ko a ɓoye, domin mafi yawan shugabannin jam'iyyar daga cikin ma'aikatan En'e da 'ya'yan sarauta suka fito. Saboda haka hukuma ba ta bukatar ƙirƙiro wata sabuwar doka don ta ƙuntata wa gidan ɗan adawa. Dokokin yau da kullum sun isa, muddin an tsananta su a kan gida ɗaya an sassauta wa maƙwabcinsa.

Zuwan 'yan Sawaba

An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Mudi Sipikin da Magaji Dambatta, wanda sunansa ya nuna asalinsa daga wannan yanki na arewa. Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a Maru a ƙarshen shekarar, daga baya ya zama shugabanta. Sanarwar Sawaba ta 1952 ta fito fili ta ce akwai saɓanin bukata tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e. Teloli da mahauta da marina da 'yan koli da ƙananan malamai ne suka fara karɓar kiran, kuma su ne suka kai shi ƙauye a ranakun kasuwa.

A zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa, NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma da aka kai mataki na ƙarshe, inda En'e ke da ikon cusa nata mutanen, ko ɗan takararta ɗaya bai kai majalisar Kaduna ba. A 1953 aka kafa ƙungiyar da ake kira 'Yan Mahaukata a Kano don tarwatsa tarukan NEPU da duka, ita kuma NEPU ta kafa nata rukunin matasan masu ramuwa. An ɗaure Hajiya Gambo Sawaba a Kano saboda yi wa mata lacca, da ta fito kuma aka kore ta daga garin aka mai da ita Zariya. Laifuffukan da aka fi kai 'yan Sawaba gaban alkali a kansu su ne zagi, da taro ba izini, da raina hukuma, hukuncin kuwa bulala ne ko tara ko watanni a gidan yari.

A ƙauye, wanda aka ɗaure sau ɗaya ko sau biyu yakan gane cewa zama ba nasa ba ne. Wasu sukan koma Fagge ko Sabon Gari a Kano, inda idon mai unguwa bai kai na ƙauye kaifi ba. Wasu su tafi Jos wurin haƙar kuza, ko Kaduna, ko Sabon Badun, ko Ikko. Wasu su ƙetare zuwa zangunan Kumasi da Ankara, inda NEPU ke da magoya baya, kuma gwamnatin Kwame Nkrumah ke maraba da 'yan gwagwarmayar Afirka. Daga can sukan aiko da kuɗin jam'iyya da jaridu da saƙonni, lokacin zaɓe kuma su lallaɓo su dawo. Wannan shi ne abin da hukuma ke son yankewa.

Hanyoyin matsa wa gida

Hanya ta farko haraji ce. Sunan wanda ya tafi ba ya fita daga littafi, maigida ne zai biya masa, kuma ba abin da zai hana a ƙara wa gidan kaso a shekara mai zuwa. Wanda ya kasa biya a kan lokaci ana iya tsare shi a ƙofar hakimi har sai an sayar da akuya ko hatsin rumbu. Dattijon da bai taɓa halartar lacca ba sai ya tarar da kansa zaune a rana a gaban jama'a saboda ɗan da ke Jos.

Ta biyu gona ce. Bisa al'ada, gonar wanda ya yi ƙaura ya bar gari tana komawa hannun dagaci ya ba wani. Wannan ƙa'ida an yi ta ne don kada ƙasa ta zauna a banza, amma wanda ke da ikon cewa wane ya yi ƙaura ne ko cin rani ya tafi, shi ne dagacin kansa. Gonar aro kuwa ana iya karɓe ta da magana ɗaya, tsohuwar rigimar iyaka kuma ana iya tono ta a kai gaban alkali. A ƙasar da ba daji, barazanar karɓe gona daidai take da barazanar yunwa.

Ta uku aure ne. A fiƙihun Malikiyya, matar da mijinta ya yi nisa ya bar ta ba ci ba sha tana da haƙƙin kai ƙara a raba auren. Haƙƙi ne da shari'a ta ba mace don kare ta, amma idan aka matsa wa surukai, sai ya koma makami a hannun wasu. Haka nan saurayin da ya fito daga gidan da aka yi wa tambarin NEPU yakan nemi aure a hana shi, domin ba uban da ke son haɗa zuri'a da gidan da hakimi ke fushi da shi.

Ta huɗu sana'a ce da mutunci. Rumfar kasuwa, da bashin noma, da shiga harkar awon gyaɗa, da gurbin yaro a makarantar En'e, da ɗan aikin masinja, duk ta hannun masu sarauta suke bi. Duba-gari na iya samun ƙazanta a kowane gida in ya so, malamin daji kuma na iya samun reshen da aka sara ba izini. Daɗin daɗawa, farfagandar lokacin ta siffanta 'yan NEPU da marasa kunya waɗanda ba sa ganin girman iyaye da malamai, har a wasu wurare mutane kan ji tsoron halartar suna ko jana'iza a gidajensu. A ƙauyen da kowa ke dogara da gayya da gudummawar biki, wannan ƙauracewa hukunci ne mai tsanani ko da ba alkalin da ya yanke shi.

Manufar duk wannan ita ce a mai da uba ɗan saƙon hukuma. Wasiƙar da ke cewa ka dawo ka tuba, ko ka yi shiru don Allah ka bar mu mu zauna lafiya, ta fi sammacin alkali ƙarfi, domin daga hannun mahaifi ta fito. Gidaje sun bi hanyoyi daban-daban. Wasu iyayen sun fito a gaban dagaci sun ce sun sallama ɗan, ko da a zuci sun san hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wasu gidajen sun raba ƙafa, wa ya karɓi katin fartanya na NPC don ya tsare gona, ƙane ya riƙe tauraron NEPU. Wasu kuma sun jure har ƙarshe.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba kowane hakimi ko alkali ne ya yi zalunci ba, kuma matasan NEPU su ma sun yi zage-zage da doke-doke. Masu mulkin lokacin suna ganin kansu a matsayin masu tsare tarbiyya da haɗin kan Arewa a gaban jam'iyyun Kudu, musamman da yake NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC. Amma ɓangare ɗaya ne kawai ke riƙe da kotu da kurkuku da littafin haraji. Sakamakon zaɓe ya nuna tasirin haka. A zaɓen tarayya na 1959, NEPU ta sami ƙuri'u sama da rabin miliyan da kujeru 8, Malam Aminu ya ci mazaɓar Kano ta Gabas, NPC kuma ta sami kujeru 134. A zaɓen majalisar Jihar Arewa na 1961 kujera ɗaya tak NEPU ta tsira da ita.

Sawaba ta Nijar da hanyar Damagaram

Hanyar da ta ratsa Dambatta da Kazaure da Daura ita ce ke kaiwa Matamaye da Damagaram, kuma a waɗannan shekaru ta ɗauki 'yan gudun hijira daga arewa zuwa kudu. A ƙuri'ar raba gardama ta ran 28 ga Satumba 1958, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta nemi jama'ar Nijar su ƙi tayin Janar de Gaulle su zaɓi 'yanci nan take. Faransa ta sa ƙarfinta aka kayar da ita, aka ɗora Diori Hamani, aka kuma haramta jam'iyyar a 1959. Bakary ya yi hijira zuwa Mali, daga baya Ghana da Gini. Mabiyansa da yawa daga Damagaram da Tasawa da Maraɗi suka kwararo Kano, inda 'yan NEPU suka sauke su, yayin da gwamnatin Sardauna ke ɗasawa da ta Diori.

A watan Oktoba 1964 'yan Sawaba ɗauke da makamai suka kutsa Nijar ta iyakoki da dama, aka murƙushe su cikin 'yan kwanaki, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. Ran 13 ga Afrilu 1965 aka jefa gurneti a filin Idin babbar salla da nufin kashe Diori, bai same shi ba. Kamen da ya biyo baya bai tsaya a kan mayaƙa ba. Binciken da masanin tarihi Klaas van Walraven ya buga a 2013, wanda ya gina bisa hira da tsofaffin 'yan jam'iyyar, ya nuna yadda aka riƙa kama dangi da waɗanda suka ba da masauki ko abinci, aka tura mutane kurkukun da ke can cikin hamada, wasu ba su dawo ba. Turawa biyu daban suka mallaki ƙasashen, tsarin mulkinsu ma daban ne, amma dabarar ɗaya ce: a bi mai gudu ta kan waɗanda ba za su iya gudu ba.

Yadda aka kwance sarƙar

Abin lura shi ne cewa wannan tsari bai bar masu shi ba. A 1963, bayan binciken kuɗin En'e ta Kano da D. J. M. Muffett ya yi, gwamnatin Kaduna ta sa Sarki Sanusi ya yi murabus aka kai shi Azare. Magoya bayansa suka kafa jam'iyyar mutanen Kano, watau KPP, suka haɗa kai da NEPU, nan da nan kuwa suka ɗanɗana irin kamun da aka saba yi wa 'yan Sawaba. Sai a zamanin Gwamna Abubakar Rimi ne tsohon sarkin ya dawo ƙasar Kano ya zauna a Wudil, inda ya rasu a 1991.

Sojoji sun rushe jam'iyyu a 1966. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano ran 27 ga Mayu 1967 a ƙarƙashin Audu Bako, aka karɓe kotunan alkalai da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e aka mai da su hannun gwamnati. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e kanta. A 1979 jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, ta ci Jihar Kano, kuma cikin ayyukan farko na Rimi har da soke haraji da jangali, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Kaduna. Masana tattalin arziki sun yi ta muhawara a kan asarar kuɗin shiga da hakan ya jawo. Manomin Bichi ko Dambatta kuwa ya san cewa abin da aka soke ya wuce 'yan nairori, domin an tsinke igiyar da ake jan gidansa da ita.

Zamanin soja da sauran duniya

Rushe En'e bai kashe dabarar ba, ya dai mai da ita hannun gwamnatin tsakiya. Bayan Janar Sani Abacha ya karɓi mulki ran 17 ga Nuwamba 1993, 'yan ƙungiyar NADECO da 'yan jarida da yawa suka tsere waje. Wole Soyinka ya fita a watan Nuwamba 1994, a watan Maris 1997 kuma aka tuhume shi da Anthony Enahoro da wasu da cin amanar ƙasa. Doka ta 2 ta 1984 ta ba da damar tsare mutum ba shari'a, kuma an yi amfani da ita a kan dangi. An tsare 'yar jarida Ladi Olorunyomi a 1997 lokacin da mijinta Dapo ke gudun hijira a Amurka. Kudirat Abiola, haifaffiyar Zariya, wadda ta tsaya neman a saki mijinta, an harbe ta a Ikko ran 4 ga Yuni 1996, gidan rediyon 'yan hijira kuma ya ɗauki sunanta.

A Hong Kong, bayan dokar tsaron ƙasa ta 2020, 'yan sanda sun sa ladar dalar Hong Kong miliyan ɗaya a kan kowane ɗaya daga cikin 'yan rajin dimokuraɗiyya takwas da ke ƙasashen waje a watan Yuli 2023. A cikin watan aka ɗauki iyayen Nathan Law da ɗan'uwansa aka yi musu tambayoyi, alhali shi yana Ingila, kuma tun 2020 ya shelanta cewa ya yanke hulɗa da su don ya kare su. Dattijon da ya sallama ɗansa a gaban dagaci a 1957 zai gane wannan shela ba sai an yi masa tafinta ba.

Kammalawa

Shari'ar Musulunci, wadda alkalan En'e ke hukunci da sunanta, ta kafa ƙa'idar cewa laifin wani ba ya hawa kan wani. Tsarin mulkin 1960 ya zo da babin haƙƙin ɗan Adam. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam ta 1981 ta tanadi cewa hukunci a kan mai laifi kaɗai yake sauka. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta Nijeriya ta 2015, a sashe na 7, ta haramta kama wani a madadin wanda ake nema, dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta maimaita haka. Ƙa'idar ba ta taɓa ɓata ba a rubuce. Abin da tarihin karkarar Kano ya nuna shi ne cewa ƙa'ida ba ta kare kowa muddin kotu da ɗan doka da haraji da gona suna hannu ɗaya, kuma sauƙi bai samu ba sai da aka raba su.

Saura aiki ɗaya a kan ɗaliban tarihi. Sunayen shugabannin NEPU suna kan tituna da makarantu da filin jirgin saman Kano, amma labarin gidajen da suka biya haraji ninki, ko suka rasa gona, ko aka raba musu aure, yana bakin tsofaffi ne a Kunci da Tsanyawa da Makoɗa da Minjibir, da kuma cikin littattafan kotunan alkalai da takardun gundumomi da ke ɗakin adana tarihi na Kaduna da Gidan Ɗan Hausa a Kano. Wanda ya shekara ashirin a 1959 ya haura tamanin da biyar a yau. Idan ba a je an zauna da su an rubuta ba, nan gaba kaɗan karin maganar ɗan kuka ne kawai zai rage, shi kuwa bai ambaci sunan mai jifa ba.